Tanderun Resham Jan

Karam Dad ya yi gadin masaƙa a Rawalpindi, ya yi gadin gidan wani tsohon soja mai karnuka, amma sai da gemunsa ya yi fari aka ba shi aikin da ya fi ba shi wuya, wato gadin filin da babu komai a cikinsa.

Filin a bakin rafi yake, inda layinsu yake a da. Da rani rafin ko akuya ta raina shi, ba abin da ke cikinsa sai wari da ledoji. Da damina kuwa yakan dawo neman tsohuwar hanyarsa, ya tarar mutane sun gina ɗakuna a kai. Shekarar babbar ambaliya da hantsi ya shigo layin. Karam Dad yana wurin aiki, matarsa Resham Jan tana gasa gurasa a tanderunta na tsakar gida. An neme ta har bayan gari, ko mayafinta ba a samu ba. Don haka ba ta da kabari.

Mutane suka ce a gina musu katanga, abin da ido zai gani. Hukuma ta ce katanga ba ta hana ruwa zuwa, gidan maƙwabci kawai take tura shi. Sai ta sayi gidajen layin ta rushe, ta ba masu su wuri a kan tudu, ta kafa jiniya a kan dogon ƙarfe, ta ce daga yau filin na ruwa ne, in ya zo ya samu inda zai miƙe ƙafa. Wata injiniya mai suna Nighat ce ta ɗauki Karam Dad aiki.

Ta kira shi yadda ake girmama dattijo a garin, ta ce, "Baba ji, yara su yi wasan ƙwallonsu na kurket, mata su shanya kaya. Amma kada ka bari bulo ya hau kan bulo."

"To, 'yata, in ɓarawo ya zo, me zai ɗauka?"

"Ba mai ɗauka za ka tsare ba, mai ajiyewa za ka tsare."

Ya gane, don ya san yadda ake haihuwar unguwa a garin nan. Yau a ɗaure akuya, gobe a yi mata inuwa, jibi surukin mai akuya ya tare a inuwar da iyalinsa. Saboda haka bai ɗaga wa kowa ƙafa ba. Buta mai shayi ya sha turo amalankensa cikin filin, shi kuma ya sha tura masa shi waje, sannan ya zauna ya sha shayin.

Wata rana yana sharar ciyawa ya ci karo da bakin tanderu a binne. Katafila ta kwashe gida, ta bar shi. Ya gane shi da tsagar da Resham Jan ta liƙe da yumɓu. Ya share shi, ya shafa masa farar ƙasa don kada yara su faɗa, ya rufe shi da wani koren ƙyalle saboda shi ne mai araha. Kowace Alhamis da yamma yakan kunna 'yar fitila, ya zauna ya ba ta labarin tsadar albasa. A nan kaɗai yake jin har yanzu shi mai mata ne.

Farar ƙasa da koren ƙyalle da fitilar Alhamis kuwa, a garin nan ma'anarsu ɗaya: kabarin waliyyi. Wata mata ta tsaya ta yi addu'a, ɗanta ya samu bizar Dubai. Kafin a ce me, an yi waliyyi a filin, har da suna: Pir Mai Tanderu, wato Waliyyi Mai Tanderu. Masu furanni suka zo, masu turare suka biyo, Buta ya dawo da amalankensa ya cire masa taya.

Karam Dad ya yi ta cewa, "Jama'a, tanderun matata ne!"

Buta ya ce wa masu ziyara, "Kun ji ko? Haka hadiman waliyyai suke, ba sa son talla."

"Kai Buta, matar da ta jefe ka da takalmi kan ka sa ruwa a madara, ita ce waliyyiyar?"

"Baba ji, ai tun ranar na shiryu. In ba karama ba, mece ce wannan?"

Karam Dad ya kawo itace ya hura wuta a cikin tanderun, ya gasa gurasa a gaban kowa don su gani da idonsu. Aka yi wawar gurasar, wai tabarruki.

Sai aka kafa rumfa, rumfa ta samu ginshiƙan bulo, masu jinya suka fara kwana. Da hadari ya soma haɗuwa aka gwada jiniya. Ba wanda ya motsa. Buta ya ce ambaliyar da ta cinye layi guda ta bar Pir a wurinsa, ina dalilin gudu?

Nighat ta zo ta daɗe tana kallo. Ta ce, "In hukuma ta taɓa wurin nan, garin zai kama da wuta, Baba ji." Ba ta roƙe shi komai ba. Idonsa na kan wata mata da ta shimfiɗa jaririnta mai zazzaɓi a gindin tanderun, ta ce ba za su tashi ba sai ya warke.

Ranar Alhamis da azahar, lokacin da taro ya fi cika, Karam Dad ya zo da diga. Ya naɗe koren ƙyallen ya ajiye gefe. Sara na farko ya sauka a kan tsagar nan. Mata suka sa ihu, wani dattijo ya ce hannunsa zai shanye. Bai ɗago ba. Ya fasa, ya tona, yana fito da toka da gawayi yana zubawa a gabansu, har ya kai jar ƙasa. Hawaye na zuba cikin gemunsa, mutane suka ce nadama ce.

Ya ce, "Ga shi nan. Ko ita ma ba ta ciki."

Aka watse ana tsine masa. Masu furanni suka fara tafiya, masu jinya suka bi. Buta ya mayar wa amalanke taya, ya daina amsa gaisuwarsa.

Ruwan ya zo a tsakiyar damina. Jiniya ta yi kuka, rafi ya hau filin ya bazu, ya kwana, ya koma. Ba a rasa ko kaza ba. Ruwan ya bar laka shimfiɗe sumul daga wannan gefe zuwa wancan.

Da ta bushe, Karam Dad ya shiga neman inda tanderun yake. Ya auna daga jiniya, ya auna daga bakin rafi, ya tsaya nan, ya koma can, ko'ina iri ɗaya. Yana tsaye a wani wuri da yake zaton nan ne, sai matasan da ke kurket suka yi masa tsawa.

"Baba ji, matsa mana, kana tsakiyar wasa!"

Ya matsa.