Mahayan Haya a Sukuwar Kaka

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Kazaure muka kama hanyar Roni, mu uku: ni a kan tsohuwar goɗiyata, ɗan ƙanena yana jan dokin sukuwa, sai wani maƙwabcinmu da jakinsa ɗauke da gero da harawa. Tunda duk wanda ya tare ni a kasuwa sai ya tambayi abin da ya sami hannun yaron nan, bari in faɗa muku gaba ɗaya in huta.

Dokin akawali ne, baƙi wuluk, na wani Alhaji mai sayen gyaɗa, wanda ba zan kama sunansa ba. Tun yana duƙushi yake hannun ɗan ƙanena. Shi ya fara sa masa linzami, shi ke kai shi fako kowace safiya, ya san harawar da yake ci da wadda yake turewa da hanci. Alhaji da bakinsa ya ce bana ɗan ƙanen nawa ne zai hau shi a sukuwar kaka. Shi ya sa yaron ya ƙi ɗora masa ko sirdi a hanya, ya gwammace ya taka duwatsun nan na tsakanin Kazaure da Roni da ƙafarsa, kada ya gajiyar da shi.

Ga wanda bai sani ba, sukuwa yanzu ba irin wadda muka taso muka tarar ba ce. Da, ranar kasuwa duk mai doki sai ya fito bayan gari, yaro ya hau, ya faɗi, a yi masa dariya, mako mai zuwa ya sake hawa. A haka na koya. Yanzu Turawa da manyan masu dawaki sun kafa kwamiti. Gari uku ake yi, Roni da Gwiwa da Babura, ana tara maki, mai dokin da ya fi maki ya karɓi kofi daga hannun Bature. Tseren kuma kashi biyu ne, babba da ƙarami, kuma ɗan ƙasa ba ya hawa babba sai ya taɓa zuwa a sahun gaba a ƙarami.

Mun shiga Roni da hantsi. Garin ya cika, an gama roron gyaɗa, kowa aljihunsa da nauyi. Harawa ta yi tsadar da har maƙwabcin nan nawa ya fara kallon kayan jakinsa da wani irin ido, sai da na harare shi. Muka sha fura da nonon da Fulanin wajen suka shigo da shi, mai kauri, wanda ludayi ke tsayawa a ciki.

A gindin wata tsamiya muka sami Alhaji, gefensa wani siririn mutum a zaune, ya ɗora ƙaramin sirdi a cinya. Hausarsa kawai na ji na san daga ƙasar Faransa ya zo, can tsallaken iyaka wajen Magarya. Alhaji ya ce da yaron ya miƙa wa mutumin ragama.

Na ce, "Alhaji, ba haka muka yi da kai ba."

Ya ce, "Malam, makin babban tsere ya fi yawa, kuma in na rasa na Roni kofin ya tafi. Ya yi haƙuri zuwa Gwiwa."

Yaron ya miƙa ragamar. Na je wajen malamin kwamiti na ce to a bar shi ya hau goɗiyata a ƙaramin tsere. Ya buɗe bakinta ya leƙa haƙora, ya ce wannan ai ta girmi kwamitin gaba ɗaya. Na tambaye shi shin baƙon nan a wane ƙaramin tsere ya taɓa zuwa gaba. Ya ce dokar ba ta hau kan baƙi ba, su an san ƙwararru ne.

Da aka jera dawaki na bi fuskokin mahaya da kallo. Daga 'yan Magarya sai 'yan Damagaram, sai wani dogo da aka ce daga gabas aka ɗauko shi a mota. Ɗan ƙasa ɗaya na gane, shi ma furfura ta fito masa. Samarinmu suna can bayan igiya, wannan riƙe da bokitin ruwa, wancan da bargo. Har ƙaramin tseren da aka ce na masu koyo ne, ƙannen baƙin ne suka cika shi, don nan ma akwai maki. Akawali ya zo na ɗaya. Maroƙa suka yi ta kirarin Alhaji da baƙonsa, wanda ya raini dokin kuwa yana goge masa gumi.

Kashegari muka nufi Gwiwa. Hanyar rairayi ce, jaki yana nutsewa, ga ƙarangiya ta addabi ƙafar yaron. Mutanen Gwiwa sun karɓe mu hannu biyu, wata tsohuwa a gidan da muka sauka ta yi mana dambun zogale da ƙuli-ƙuli, ta ce ita ba ta karɓar komai daga baƙon doki. A nan ma baƙon Alhaji ya sake ba akawali, sai wani dattijo ya yarda ya ba yaron aron dokinsa, wani bidi, don ƙaramin tsere. Tun safe yaron ya ɗaura sirdi yana jira. Bature bai iso ba sai bayan azahar, kuma yana so ya juya da sauran rana. Aka ce lokaci ya ƙure, an soke ƙaramin tsere. Tsayawar makaɗa ba a soke ba, shan shayin manya ba a soke ba. Na ga samari suna kwance sirdi ɗaya bayan ɗaya, wasu tun daga ƙauyuka masu nisa suka tako. Ranar na faɗa wa malamin kwamiti maganar da ban saba faɗa wa mai karatu ba.

Da la'asar baƙon ya zo ya durƙusa kusa da ni. Na so in ƙi shi, amma mutumin yana da ladabi. Ya ce, "Baba, wa ya hori dokin nan? Bakinsa da taushi." Na nuna masa yaron. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce shi tun bai kai haka ba yake hawa a kasuwannin ƙauyensu, kuma ya fi shekara uku yana zuwa na ƙarshe kafin ya taɓa cin komai, mai dokin bai taɓa sauke shi ba. Ya ce da yaron in ya ga dama ya same shi a Magarya.

Daga Gwiwa muka dawo ta gida muka huta, sannan muka miƙa gabas ta Ɗambatta. Motocin gyaɗa sun farfasa hanyar, duk wadda ta taho sai dawaki su zabura mu faɗa gonar mutane. A Kanya Babba muka kwana, inda ruwan rijiya ke da nisan da gugar mutum kan gaji kafin ta taɓa shi. Babura kuwa kasuwa ce ta gaske: raƙuma, kanwa, shanu, kilishi, rabin masu ciniki da kuɗin Faransa suke lissafi.

Ranar tsere da safe aka nemi baƙo aka rasa. Ashe wani babba a can ƙasarsu ya aiko yana nemansa, ga iyaka kusa, ya ɗauki sirdinsa ya tsallaka. Alhaji ya zo yana gumi yana kiran yaron "ɗana". Dokar da ta hana shi hawa a gari biyu, cikin ɗan lokaci Alhaji ya shiga rumfar kwamiti ya fito ta narke. Na ce ban yarda ba, yaron bai taɓa gudu a tsakiyar dawaki ba, a fako shi kaɗai yake sukuwa. Yaron ya kama hannuna ya ce, "Baffa, in ban hau yau ba, yaushe zan hau?" Na ƙyale shi ya hau.

Da aka sake su, akawali ya fita gaba kamar kullum, yaron ya kwanta a wuyansa yadda ya kamata. A miƙe babu wanda ya kamo shi. Matsalar a kwana take. Ƙwararre ya san inda zai ɗan ja linzami, ya san yadda zai tare gurbinsa. Shi bai sani ba, don babu inda zai koya. Biyu suka matse shi, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, likkafa ta bugi likkafa, ƙafarsa ta zame. Na ga ya yi sama ya sauka a kan hannunsa na dama. Akawali ya ƙarasa tseren babu kowa a bayansa.

Muna gidan maɗori, ana jan hannun yaron yana cije haɓar rigarsa, Alhaji ya leƙo. Bai tambayi jiki ba. Ya dubi mutanen da ke wurin ya ce, "Kun gani ko? Shi ya sa muke ɗauko na waje. Yaranmu ba su iya ba."

Allah ne ya riƙe ni, da maƙwabcin nan nawa da ya shiga tsakani. Na dai ce masa ya nemi mai jan dokinsa zuwa gida.

Muka dawo a hankali, yaron a kan goɗiya, ni a ƙasa. Mun shigo Kazaure da yamma, uwarsa ta ga karan ɗori ta zauna a ƙasa.

Abin da na gano a tafiyar nan shi ne baƙin ba su da laifi, sana'arsu suka zo yi, kuma sun iya ta ne don a garinsu an ƙyale su sun faɗi tun suna ƙanana. Laifin na masu tsarin ne. Sun sa kowane tsere ya zama na ci ko mutuwa, sun rufe wa yaro kowace ƙofar koyo, ranar da suka matsu suka jefa shi cikin gwanaye, ya faɗi suka kafa hujja da faɗuwarsa.

Yaron ya ce da hannun ya warke Magarya zai tafi, kuma ban hana shi ba. Na san nan da 'yan shekaru wani Alhajin zai aika a ɗauko shi daga can da girmamawa, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a ce ga ƙwararre daga ƙasar Faransa, wani yaron namu kuma ya miƙa masa ragama.