Goron Suna da Batirin Babur: Kumasi Zuwa Salaga

Kumasi zuwa Mampong

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba na bar unguwarmu Moshi Zango, da kwandon goro ɗaure a bayan babur. 'Yata Habiba ce ta haihu a Salaga, suna safiyar Alhamis, ni kuma na yi alkawarin goron. Uban mijinta, Alhaji Sanda, dama kallon fanko yake mini. In aka raɗa suna ba gorona, ita za ta sha gori a gidan nan har tsufanta.

Babur ɗin tsoho ne, amma bai taɓa shanye batir ba. Makanikensa, Lasisi Bayarabe, dokar korar baƙi ta kwashe shi watan jiya. Waɗanda aka bar mana ko fitilar ƙwai ba su iya gyarawa.

A Mampong na yayyafa wa goro ruwa yadda ubana ya koya mini, na zauna na sha koko da ƙosai. Na dawo na buga, shiru. Na danna hon, sai kukan ɗan tsako. Gangarar garin ce ta cece ni, na sake shi ya kama. Ina tafe ina tambayar kaina, wutar da na baro gida da ita, ina ta bi?

Ejura

Shingen 'yan sanda. Wani mai ƙaton ciki ya ɗaga hannu, ya kira ni dattijo da yarensu.

"Opanyin, kashe. Ina takardar zamanka?"

Na ce, "A Kumasi aka binne cibiyata tun ubanka yana yawo ba wando."

Bai ji Hausar duka ba, Allah ya taimake ni. Suka shanya ni a rana, na ƙara wa goro ruwa. Da goro biyu suka shiga aljihunsa sai na zama ɗan ƙasa. Babur ya ƙi tashi, ya kuma tare musu hanya, dole shi da abokinsa suka tura ni suna haki. Tun da nake ban ga aikin da ya dace da su haka ba.

Atebubu

Da azahar babur ya sake mutuwa, gaban rumfar wata mai wake da shinkafa. Jirgin fito na ƙarshe yana barin Yeji da la'asar. Amma wallahi a lokacin son in gane ɓarawon wutar ya fi tsoron makara ƙarfi a raina.

Akwai ɗan agogon wuta a kan fitila. Inji a kashe, amma allurarsa ta karkata hagu, wato wani abu yana sha. Na cire wayar batir na goga, ta ba da ɗan tartsatsi, na mayar da ita. Na zare ta fitila, allura ba ta motsa ba. Ta hon, haka.

Matar ta leƙo. "Baaba, dokin naka fitsarin kwance yake yi?"

Na ce, "Ki kula da wakenki, ya kama."

Amma na duƙa. Ruwa ne ke ɗiga daga gindin kwando, yana bin sirdi, yana sauka daidai kan ɗan akwatin da ke raba wuta tsakanin dinamo da batir. Na zare wayarsa, allura ta miƙe cak. Na buɗe murfin, ciki sharkaf, har da warin ganyen goro, bakin ƙarfen da ke yanke wuta ya manne. Ashe duk tsayawar da na yi, ina raya goro ina kashe batir.

Na sauke kwando, na shanya akwatin, na kankare bakin ƙarfen da gefen kwalin ashana. Na mayar da wayar, wasu direbobi biyu suka tura ni, babur ya kama. Na ba shi mai, allura ta haura dama. Na yi dariya ni kaɗai, har matar ta ce in dai haka ne in biya kuɗin inuwa.

Yeji

Daga nan ko ɗigo ban ƙara wa goro ba, zuciyata tana kansa, rana tana dukansa. Na iso ana shirin janye gadar jirgi.

"Tsoho, gobe!" in ji mai kula da ƙofa.

"Gobe jikana yana da suna, kai me kake da shi?"

Ya yi tsaki ya matsa. A tsakiyar ruwa na kwance kwandon, na kai shi can nesa da babur, na shayar da shi ya tsane sannan na ɗaure.

Salaga

Na kwana a zauren surukai. Da safe, gaban jama'a, Alhaji Sanda ya zaɓo fari ɗaya, ya jujjuya yana neman aibu. Ya ɓara, ƙas! Ya tauna, ya daɗe yana tauna, sannan ya ce a raba. Liman ya ɗaga murya: sunan yaro Garba. Sunana ke nan. Daga cikin gida na ji Habiba tana dariya cikin guɗa.

Gida

Juma'a da magariba na shigo Moshi Zango, fitila tar, ba wanda ya tura ni. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa direbobin Atebubu. Yaron kuwa, Allah ya raya shi, ya ba shi sunan kawai, halin ya bar mini kayana.