Hannun da Aka Ɗebi Jinin Mma

Samarin unguwarmu ta Aboabo har sun cika bakin asibiti da babura, kowa ya naɗe hannun riga zai ba da jini. Liman ne ya yi sanarwa bayan Azahar, wai injin gwaji ya nuna jinin mahaifiyata, Mma Hawa, ya kusa ƙarewa.

Sai ga 'yata Rashida, wadda ke aikin gwajin jini a wani asibitin. Ta duba sakamakon, ta buɗe tafin hannun kakarta, ta ja fatar idonta ƙasa. Cikin idon jawur yake, ba alamar ƙarancin jini.

"Mma, a wane hannu aka ɗebi jinin?"

"Wannan da ake ƙara mini ruwa."

Ashe ruwan ne ya tsinka jinin, shi kuwa inji abin da aka ba shi yake ƙirgawa. Rashida ta roƙi nas a sake ɗiba a ɗaya hannun. Sakamakon ya fito lafiya lau, likita ya soke ƙarin jinin.

Mma ta riƙo hannun Rashida ta ce, "Haka kakanki yake. Lokacin samun 'yancin kai, da Turawa suka bar musu ɗakin gwaji shi da abokan aikinsa a Tamalen nan, da ido yake ƙirga jini a madubin likita. Ba ya sa hannu a sakamako sai ya ga mai jinin."

Rashida ba ta taɓa ganinsa ba, tun ina yaro mahaifin nawa ya rasu. Na kau da kai kada ta ga hawayena.

Ku fa, wane halin iyayenku kuka tsinta a jikin 'ya'yanku?