Idon Madubin Malam Umaru

Ni Farfesa ne a ilimin halittu, ina zaune a ofishina labari ya iso: Malam Umaru, tsohon malamin kimiyya na Aliero, ya rasu ranar Asabar bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban yi kuka ba. Har yau ban yi ba.

Tun da ya bar aiki yake zama a zaurensa da wani tsohon madubi mai ƙara wa abu girma. Yakan ɓare albasa, ya ciro siririyar fatar nan ta ciki, ya shimfiɗa a gilashi, ya kira duk mai wucewa. Ranar da na fara leƙawa, ɗakuna na gani jere kamar ginin tubali.

Ya ce, "Mi kag gani?"

Na ce, "Gidan haya, Malam."

Ya ce, "Ƙwayoyin halitta ke nan. Albasa, jaki, gwamna, kai, duk da su Allah Ya gina mu. Babu wanda anka yi ma bulo na daban."

Bai taɓa raina wanda bai yi boko ba. Akwai wani ɗan makarantar allo da ya addabe shi. Ya taɓa shafa tawada a inda ake ɗora ido, Malam ya yini a kasuwar Jega da baƙin zobe a fuska. Da ya dawo, cewa kawai ya yi, "Kawo tawadar, rininmu ya ƙare." Suka ɗiga a fatar albasa, ɗakunan suka fito raɗau.

Ranar Alhamis, kwana biyu kafin rasuwar, yaron ya zare idon madubin, gilashin nan da ake leƙawa ta cikinsa, ya sa a aljihu, don Malam ya ɗan sha nema. Inna Hajo, matar marigayi, ta ce yinin Juma'a Malam ya yi yana laluben ƙarƙashin tabarma, saboda ya yi wa jikokinsa na Maiyama alkawarin nuna musu fatar albasa. Yanzu za a raba gado. Madubin yana ciki, kuma ba ya gani.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna da iyali haƙuri, Ya raya jikoki.

Inna, babu wani Farfesa. Ni ne, Sanusi, yaron nan mai tawada. Da ajami na rubuta, aka juya mini zuwa boko. Na san in da sunana ne a sama, wasa za a ɗauka. Idon yana aljihuna, gobe da hantsi zan kawo. Shi Malam ban samu na roƙe shi gafara ba. Ke nake roƙo ki yafe mini.