Mantun Da Na Ƙi Ci A Gaban Maƙwabta

Ina da shekara ashirin da biyar a lokacin, matar aure da 'ya'ya biyu, kuma babu wadda ta kai ni ji da kai a lungunmu na Hindawiyya. A Jidda aka haife ni. Iyayena sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa don aikin hajji, suka sauke farali, suka zauna. Mijina ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ni kuma ina soya ƙosai a ƙofar gida. Allah ya ba ni hannun girki, ya kuma ba ni baki, in na fara yi wa mutum tatas sai ya gwammace na mare shi. Yanzu na tsufa, jikokina da Larabci suke amsa mini in na yi musu Hausa, shi ya sa na zaɓi in rubuto wa wannan mujalla abin da na kasa faɗa musu. Ba zan kama sunan kowa ba.

Akwai wani ɗakin kwano jingine da katangar gidanmu, wata tsohuwa 'yar Afganistan ke haya a ciki. Ita da mijinta sun sayar da gonarsu suka zo hajji, bayan an sauko zazzaɓi ya kama shi a Jidda, ya rasu, aka binne shi a nan. Ba su taɓa haihuwa ba, kuma ba ta bar kowa a gida ba, don haka ta ƙi bin jirgin da ya kwashe mutanensu. Takardarta ta hajji ta daɗe da ƙarewa, iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, ba ta da ita. Kowace Juma'a takan je ta tsaya a bayan katangar maƙabarta, tunda mata ba sa shiga, ta yi masa addu'a ta dawo. Burinta ɗaya ne a duniya, ta sha gaya mini shi da karyayyen Larabcinta: ta mutu a garin nan a binne ta inda aka binne shi. Mu duka muna kiranta Khala, wato inna, ita kuma ni kaɗai take ce wa 'yarta.

Da girki take ci. Ƙanshinsa ne ya fara ja na ɗakinta, na leƙa don gulma, na ƙare da zama ɗaliba. Ta koya mini shinkafar kabuli, wadda ake jiƙa shinkafarta tun safe, a soya albasa har ta yi duhu amma kada ta ƙone, a dafa naman rago a cikinta, a soya karas siriri da zabibi da ɗan sukari daban. Ta koya mini mantu, wato ƙullin fulawa da ake murzawa har sai an hango zanen tabarma ta cikinsa, a yanka, a cusa nama da albasa, a tsuke bakin, a turara a wata tukunya mai hawa huɗu, sannan a zuba masa nono mai tafarnuwa da busasshiyar na'ana'a. In na murza da kauri sai ta ɗaga ƙullin sama ta tambaye ni ko takalmi nake ɗinkawa. Tana da al'adu biyu da ba ta fasawa. Kafin ta naɗe murfin tukunyar shinkafa da ƙyalle ta zuba garwashi a kansa, sai ta sunkuya ta karanta addu'a ta tofa a hankali, kamar yadda iyayenmu ke yi wa ruwan marar lafiya. In kuma mantu ya nuna, na farkon da ta ciro da hannunta take sa mini a baki kafin kowa ya taɓa. Shekara uku muna haka.

Idonta ya soma rauni, aikin ya dawo hannuna. Ni ke murzawa, ni ke tsukewa, ni ke ɗaukar tukwane a ka in an kira mu biki. Akwai wani babban gida na 'yan kasuwa a unguwar Bagdadiyya da suka saba kiranta, har maigidan ya yi alkawarin bayan Sallah zai tsaya mata a matsayin kafili, wato mai ɗaukar nauyinta a gaban hukuma, a yi mata iƙama, ta zama mai girkin gidan. Ranar da ta ji wannan albishir ta yi ta kuka tana sumbatar goshina. Ni ma na taya ta murna a baki. Amma a wata walima da muka yi musu, na kwana biyu a tsugunne ina tsuke mantu har yatsuna suka ƙage, uwargidan ta jawo Khala gaban baƙi tana yabon hannunta, ni kuwa ta nuna ni da haɓa ta ce a ba takarin nan mai ɗaukar tukunya saura ta tafi da shi. Matan suka yi dariya. Khala ba ta fahimci maganar ba, tana can tana murmushi. Uwargidan ce ta ci mini mutunci, amma ba na iya taɓa ta, sai na juya haushin kan wadda nake iya taɓawa.

Khala tana ɗan tari in tana hura gawayi, irin na kowace mace da ta tsufa a bakin murhu. Da na je gidan Bagdadiyya mayar musu da faranti, na samu babbar mai aikin gidan a madafa, na rage murya, na ce mata wani abu na damuna amma amana na ba ta. Na ce tsohuwar tana fama da tarin fuka, na ga jini a ƙyallenta da idona, kuma su lura da kyau, kafin ta rufe tukunya sai ta sunkuya ta tofa miyau a ciki. Na san addu'a ce, na san babu wani jini, na faɗa ne a tsanake ina kallon yadda fuskar matar ke sauyawa. A wancan zamani ambaton wannan ciwo ya isa a watse a bar mutum shi kaɗai. Kwana uku ba su cika ba aka aiko wa Khala cewa kada ta ƙara zuwa, maganar kafili kuma ta mutu. Ni aka aiko wa a ɓoye, aka tambaye ni ko na iya girkin ni kaɗai. Na ce ai da ma ni ke yi.

Na zaci abin zai tsaya a Bagdadiyya, ashe mai aikin tana da 'yar'uwa a unguwarmu. Kafin azumi ya kama, labarin ya zagaye lungu, har da ƙarin da ban yi ba. Mai ruwa ya daina shiga ɗakinta, sai ya ajiye gwangwani a waje. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta fito. Ita ba ta san dalili ba, ta tambaye ni me ta yi wa mutane, na ce mata zafi ne ya sa kowa baƙin rai. Ni ma na rage shiga, na ce bayana ke ciwo.

A Jidda in azumi ya zo, maƙwabta na musayar kwano kafin a sha ruwa, kuma ba a mayar da kwano babu komai a ciki, balle a mayar da shi da abincin mai shi. Wannan cin fuska ne da ba a yi wa ko maƙiyi. Ranar uku ga azumi Khala ta yi mantu ita kaɗai da lalube, ta bi gidaje shida ta miƙa. Kafin la'asar sakaliya faranti shida sun dawo ƙofarta a rufe yadda ta kai su. Wata mai ɗan tausayi ce ta tsaya daga nesa ta gaya mata abin da ake cewa.

Matan lungunmu kan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu mu sha ruwa tare. An buga igwar shan ruwa ke nan, kowa na da dabino a hannu, sai ga Khala ta shigo da faranti ɗaya tana dafa bango. Ta ce musu ita lafiyarta ƙalau, abin da take tofawa a tukunya sunan Allah ne, kuma ga 'yarta nan, shekara uku tana ci daga hannunta, a tambaye ta ko ta taɓa yin ko atishawa. Ta tako har gabana ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauki mantu ɗaya da yatsunta, ta kawo shi bakina kamar kullum. Ta roƙe ni in ci a gabansu. Nonon na ɗiga a kan zanena. Da na buɗe baki da magana ta ƙare a wurin. Amma na san in na ci, gobe labari zai kai Bagdadiyya, a gane ƙarya na yi ko a ce ni ma na ɗauka. Sai na kau da kai, na ja mayafi na toshe hancina, na ce mata da Larabci, yadda kowa zai ji, ta ji tsoron Allah ta bar mutane su sha ruwa lafiya. Ta daɗe da hannun a miƙe, sannan ta mayar da mantun cikin faranti ta tashi. Bayan ta fita wata ta wanke inda ta durƙusa da ruwa da toka, ni ce na miƙa mata tokar.

Bayan Sallah mai ɗakin ya tsorata, ya kai wa hukuma magana cewa akwai mai ciwon da ke yaɗuwa a gidansa. Aka zo aka tafi da ita, likita ya duba ƙirjinta ya ce babu komai a ciki sai tsufa. Sai dai kafin a sallame ta aka nemi takardunta, aka ga abin da ta yi shekaru tana ɓoyewa. Babu kafili, babu wanda ya fito ya ce tasa ce. Aka sa ta cikin waɗanda za a mayar ƙasashensu. Mahaifiyata ce kaɗai ta je ta kai mata kayanta a ƙulle cikin zane. Ni ina Bagdadiyya ranar, ina soya karas.

Da mahaifiyata ta dawo ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce Khala ta roƙi a bi da ita ta gefen maƙabarta ko sau ɗaya, aka ce mota ba ta bi ta can. Ta ce kuma ta ba ta saƙo gare ni. Tun ranar da aka dawo mata da faranti ta san ni ce, domin duk duniya mutum ɗaya ne ya taɓa tsayawa kusa da ita lokacin da take rufe tukunya. Ta zo tsakar gidanmu ne don ta ba ni hanyar gyarawa ba tare da ta tona ni ba, loma ɗaya kawai take nema. Aikin da na ƙwace ta yafe mini shi, da ma niyyarta ta tafi da ni gidan. Amma raba ta da na yi da kabarin mijinta, wannan ba ta yafe ba, sai mun tsaya gaban Allah. Mahaifiyata ta faɗi wannan ba ta ɗaga murya ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake sa girkina na Afganawa a bakinta ba.

Na samu abin da na nema. Na yi shekaru a gidan nan, sunana ya fita, aka riƙa kirana bukukuwa har unguwar Sa'alaba, uwargidan da ta nuna ni da haɓa ta koma tana kirana 'yar'uwa. Ban taɓa jin daɗin yabon ba. Na sha tare alhazan Afganistan a lokacin hajji ina kwatanta musu ita, amma ko sunan ƙauyensu ban sani ba, shekara uku ina cin abincinta ban taɓa tambaya ba. Na yi mata umara, na yi sadaka da sunanta, sai dai ni ma na san hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, ita kuwa ta riga ta faɗi nata.

Abin da na koya shi ne, in an wulaƙanta mutum ya kasa ramawa, yakan waiwaya ya nemi wanda bai da ƙarfi, kuma sau da yawa wanda ke ƙaunarsa ne ya fi kusa da hannu. Ina roƙon masu karatu, musamman mu da ke zaune a ƙasar da ba ta kakanninmu ba, ku kiyayi bakinku a kan baƙon da bai da kowa. Maganar da za ta ɓata wa ɗan gari suna na wata guda, shi tana iya tumɓuke shi gaba ɗaya. In kuma kun riga kun yi, aka ba ku damar gyarawa, ku karɓa a take ko da kunya za ta kashe ku, domin ni sau ɗaya aka ba ni. Na haura tamanin yanzu, ina da takarduna, 'ya'yana sun san inda za su kai ni. In Allah ya karɓi raina a garin nan, a ƙasar da ta yi ta roƙo za a sa ni, ita kuwa ban san a ina ta mutu ba, ban san ko an samu wanda ya wanke ta ba.