Igiyar Guga a Hannun Hure

Duk ƙauyenmu, nan gabas da Zakirai, gida ɗaya ne za ka ga maigida na jan ruwa matarsa na tsaye daga nesa. Gidan yayata Hure ke nan. Malam Basiru, da gemunsa da ɗalibansa, shi ke cika mata randa kafin ya fita zaure. Mata na ta tsegumi wai ta mallake shi. Ƙarya suke yi, wallahi! Ni ƙanwarta ce, na san abin da ya raba ta da bakin rijiya.

Hure ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, ranar kasuwa a kai mata Zakirai. Mace ce mai zafin nama, ba ta da yawan magana, sai yawan tsoro. Kuma ba laifinta ba ne. Haihuwa uku ta yi ana binnewa, babu wanda ya kai yaye. Tahira ce ta huɗu, ita kaɗai Allah ya bar mata. Ko tari yarinyar nan ta yi, sai Hure ta sauke gyaɗa daga wuta.

Tahira na da shekara huɗu, wata rana gab da asuba Hure ta farka ta laluba tabarma, ba kowa. Ta fito ta same ta tsaye a tsakar gida, ido buɗe, amma barci take yi. Tsakaninta da rijiya taku uku. Rijiyar gidan kuwa ba murfi, gungume biyu ne kawai aka gicciya a baki. Ta ɗauke ta ta mayar. Bayan kwana biyar aka sake.

Ni kaɗai ta faɗa wa, sai da ta sa na rantse. Na ce, "Haba Yaya, ki gaya wa Malam mana."

"Ki rufa mini asiri," in ji ta. "Kin manta Furera ta bayan makabarta? Sau ɗaya aka ce iska ta taɓa ta, yara suka dinga gudunta, har yau ko sallama ba a taɓa yi da ita ba. Ni ba za a kira tawa mai aljanu ba."

Sai ta yago tsumman zane kamu biyu. Da Malam ya fara minshari, ta ɗaura ɗaya bakin a ƙafar Tahira, ɗaya a wuyan hannunta. Yarinya na miƙewa, tsumma ya ja, uwa ta farka ta kwantar da ita. Kafin kiran sallar farko ta kwance ta tura ƙarƙashin matashi. Shekara shida ana haka a ɗaki ɗaya da Malam, bai sani ba. Shi dama in ya kwanta, ko ganga aka buga a kansa ba ya motsi.

Tun Tahira na da bakwai yake maganar a mayar da ita ɗakin mahaifiyarsa, Inna Kaltume. Hure ta ce bari sanyi ya wuce. Sanyi ya wuce, ta ce bari a gama shuka. Aka gama, ta ce yarinya na mura. Ran da ta cika goma, ana tsakiyar yankan gero, Malam ya dawo daga gona ya naɗe tabarmar Tahira da hannunsa.

"Hure, kullum ina gaya wa mutane in yaro ya kai goma a raba masa makwanci, ga tawa a gindin gadona. Da wane ido zan kalle su? Yau ɗakin Inna za ta kwana."

Tahira har tsalle take yi, ta zama babba. Hure kuwa idonta na kan rijiya. Ɗakin Inna Kaltume na can ɗaya gefen, rijiya na tsakani. Ga tsohuwa kunnenta ya yi nauyi. Ranar na je gidan da la'asar, na tarar ƙuli ya ƙone ƙurmus a kasko tana zaune tana kallonsa. Na sake roƙonta ta faɗa, ta ƙi.

Abin da ta yi daga baya ta ba ni labari. Da gida ya yi tsit, ta kwance igiyar guga daga jikin gungume, ta cire gugan ta ajiye. Ta lallaɓa ɗakin Inna, ta ɗaura a ƙafar Tahira, ta jawo igiyar ta tsakar gida, ta ƙarƙashin ƙofa, ta ɗaure a hannunta tamau. Ta zauna ta jingina da bango don kada barci ya ɗauke ta. Kowane motsi na akuya sai ta laluba igiyar. Ta yi ta addu'a har bakinta ya bushe. Amma wadda ta wuni a kan turmi da wuta, ina! Barci ya sace ta, ko fitar Malam masallaci ba ta ji ba.

Fizgar igiyar ce ta tashe ta. Kafin ta gama buɗe ido ta ji ƙara can ƙasa, fanjam!

Ta ce mini ko ihu ta kasa. Da rarrafe ta fito. A ɗan hasken asuba ta ga igiyar a miƙe sambal daga hannunta zuwa bakin rijiya, ta gangara ciki, da nauyi a ƙarshenta. Ta kama ta fara ja. Ƙullin ya shige cikin fata, jini na bin gwiwar hannunta, ba ta ji ba. Tana ja tana kira, "Tahira! Tahira, riƙe! Ga ni nan!" Akwai mutum tsaye a gefen rijiyar yana mata magana, ba ta ko gan shi ba. Ta ce addu'arta ɗaya a lokacin, kada nauyin nan ya ragu, don in ya ragu igiyar ta zame daga ƙafar.

Abin ya iso baki. Guga ne, cike da ruwa.

"Ke, lafiyarki?" Inna Kaltume ce tsaye da butarta. "Ashe a hannunki take? Ni na ɗauka a ƙafar gado kika ɗaure. Ruwan alwala nake nema, shi ya sa na kwance ta daga ƙafar yarinya na mayar wa guga."

"Inna, ina Tahira?"

"Tana ciki tana barci. Je ki gani."

Hure ta shiga. Ga yarinya kwance lafiya lau, ɗankwalin Inna ɗaure a ƙafarta, ɗaya bakin a kan tabarmar tsohuwa inda ta kwance daga tata ƙafar. Nan Hure ta zube tana kuka.

Inna ta biyo ta, ta tsaya a kanta. "Kunnena ne ya mutu, ba idona ba. Ina ganinki kika shigo. Sau biyu ta miƙe daren nan, sau biyu na kwantar da ita. Kuma wannan doguwar igiya taki, wane amfani gare ta? In ta tashi, ina za ta nufa in ba ƙofarki ba, inda ta saba? Tana matsowa igiya na saki. Sai ta kai rijiya ba ki ji komai ba."

Hure ta ɗaga kai. Wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba.

"Inna, don Allah kada a ji. Za a ce aljanu ne."

"Aljanun wa? Maigidanki har ya kai sha biyu da ɗankwali nake ɗaure shi. Gado ta yi. Shekara nawa kike wannan wahala?"

"Shida."

"Shida! Ina nan taku goma daga ƙofarki, kika kasa buɗe baki."

Ana haka Malam ya dawo daga masallaci, ya ga jini a igiya, ya ji komai. Bai yi faɗa ba. Ya dubi bakin rijiyar, ya ce, "Da kin faɗa, da tun Tahira na da huɗu na rufe rijiyar nan." Kafin azahar ya kawo kafinta, aka yi murfin katako da kwaɗo. Ni kam na ji haushin Yaya, na kuma ji haushin kaina da na riƙe rantsuwar banza.

Yanzu Tahira shekararta sha shida. Tafiyar barcin ta bar ta tuntuni, har yau ɗakin Inna take kwana. Tabon yana nan a hannun Hure, zagaye kamar awarwaro.

Mako guda bayan wancan dare Hure ta je jan ruwa. Ta jefa guga, ya cika, nauyin ya zo hannunta. Sai ta saki igiyar ta durƙushe a wurin. Malam yana zaure ya ji faɗuwar, ya shigo. Ya nemo ƙugiya ya ciro gugan, ya cika randa. Tun daga ranar shi ke ja.