Keken da Malam Haruna Ya Ƙi Sayarwa

Malam Haruna Injiniya ya rasu. Da safiyar yau labarin ya iske ni, ina bakin aji da alli a hannu. Wani tela maƙwabcin shagonsa ne ya kira ni. Na ce ya maimaita, ya maimaita.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san ni a wannan shafi sun san ba na yawan rubutu, kuma ban saba kawo zancen gidanmu nan ba. Yau zan kawo, da yardar wanda zancen ya shafa, domin ban ga wata hanyar da zan bayyana ko wane ne Malam Haruna ba in ba wannan ba.

Mai gyaran keken ɗinki ne a Yelwa. Injiniya laƙabi ne da teloli suka sa masa, ya bi shi har ya kusa danne sunansa na yanka. Yana gyara kowane irin keke, amma inda aka fi saninsa shi ne tsofaffin manyan kekunan masana'anta, irin waɗanda ke shigowa gwanjo, dukawa su saya suna ɗinkin fata da su. Daga Shanga har Ngaski, in irin wannan keke ya fara tsallake ɗinki ko tsinka zare, shi ake aika wa.

Ban taɓa jin ya kushe aikin wani makaniki ba. In ya buɗe keke ya tarar an yi masa ɓarna, abin da yake cewa kawai shi ne, “Wanda ya riga ni ya yi iyakar ganinshi.”

In ya shiga gidanmu kuwa, ba ya taɓa ƙarfe sai ya fara durƙusawa ya gai da Inna, ya saurari labarin ciwon gwiwarta tun daga farko, kamar bai taɓa jin sa ba.

Yayana Umaru baduku ne a Warra. Shi ya gaji sana'ar mahaifinmu, ni aka tura makaranta. Takalma yake ɗinkawa, da jakunkuna, da rigar sirdin babur, da kuben wuƙa na masunta. Bara waccan shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, magana ta dawo, amma hannun dama da ƙafar dama suka yi nauyi. Aka rufe shago, aka dawo da kekensa na ɗinki zauren gida, aka lulluɓe shi da tsohon zane.

Yaya ya daina fita. Ko masu zuwa dubiya ya fara cewa a ce musu yana barci.

Wata rana da na je gaishe shi, ya ce da ni ba tare da ya dube ni ba, “Ka kira mani Injiniya, shi zo shi ɗauki keken nan shi nemo mai saye.”

Ban yi masa gardama ba, domin yayana ne, kuma kayansa ne. Amma ni da Inna da matarsa mun san abu guda, ko da ba wanda ya furta: ranar da keken ya fita daga zauren nan, Yaya ya gama yanke wa kansa hukunci, ba zai sake zama wani abu ba sai majinyaci.

Malam Haruna yana da wata ƙa'ida da duk abokan hulɗarsa suka sani tun da daɗewa. Ba ya karɓar keke, na gyara ne ko na sayarwa, sai mai shi ya zauna ya yi ɗinki a gabansa. Yana cewa keke yakan ɗauki halin ƙafar mai taka shi, kuma shi ba ya gane ciwon keke sai ya ga yadda ake zama da shi.

Ranar kasuwar Warra ya zo. Ya yaye zanen, ya share ƙura, ya ɗiga mai, ya sa aka tayar da ƙaramin janareta. Sannan ya ja kujera.

“Sarkin dukawa, zauna ka ja mani layi guda.”

Yaya ya ce, “Injiniya, ba'a kaka yi mani? Ba ka ga hannun ba?”

“Na gani. Ni keke na zo dubawa. Hannu aikin likita ne.”

Muka kama shi muka zaunar. Ya ɗora ƙyallen fata, ya taka. Ƙafar ba ta iya auna nauyinta, sai keken ya zabura gaba ɗaya, fatar ta karkace, allura ta karye. Matarsa da ke leƙowa daga bakin ƙofa ta koma ciki. Ni ma ƙasa na duba.

Malam Haruna ya tsince guntun allurar, ya girgiza kai.

“Ka gani ko? Wanga keke gudu gare shi kamar ɓarawon akuya. In na sai da shi haka, mai saye zai zage ni har kakana. Sai na gyara tukuna.”

Daga nan ya riƙa zuwa kusan kowace ranar kasuwa, wani lokaci a mota, wani lokaci ya biyo jirgin 'yan kifi. Sai a lokacin na lura, ni da na girma kusa da waɗannan kekuna, cewa kusan komai nasu don ɓangaren dama aka yi shi. Da hannun dama ake juya kan keke, da gwiwar dama ake ɗaga abin da ke danne fata, kuma ƙafar dama akasari ke taka feda.

Ya fara da rage gudun. Ya cire ɗan faifan da bel ke hawa a jikin moton da ke juya keken, ya sa wanda ya fi shi ƙanƙanta, har allurar ta koma tafiya a hankali, mutum yana iya bin kowane ɗinki da ido. Bayan nan ya matsar da fedar zuwa hagu. Ya je maƙera aka lanƙwasa masa wani ƙarfe, ya haɗa shi yadda gwiwar hagu za ta riƙa ɗaga abin dannewar. Ya kuma ɗaura wani ɗan ƙarfe kusa da allura, wanda bakin fata zai jingina da shi ya tafi a miƙe ko da hannu guda ne ke riƙe da ita.

Kowane gyara kuwa, sai an gwada. Mai keke ne zai gwada.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Ƙarfen farko ya goge wa Yaya gwiwa har ta kumbura, dole aka sake wani. Akwai ranar da zare ya yi ta cukurkuɗewa a ƙasa, Yaya ya fusata, ya ce masa ya kwashi tarkacensa ya bar masa gida. Malam Haruna ya kwashe, ya tafi bakin ruwa ya ci soyayyen kifinsa. Kasuwa ta gaba sai ga shi da sallama, kamar ba a yi komai ba.

Yayana ba yaro ba ne, ya gane abin da ake yi masa. Wata rana yana cikin gwaji ya tsaya.

“Injiniya, wai wane mai saye ne zai so keken da aka takawa da hagu?”

“Akwai wani bahago a Shanga. Shina nan shina shawara.”

“Mi sunanshi?”

“In faɗa maka ka tsallake ni ku yi cinikinku? Ai ku dukawa ba a yarda da ku.”

Yaya ya yi dariya har da tari. Inna ta aiko daga cikin gida a tambaya ko lafiya, domin ta manta yadda sautin yake.

Ba zan ƙara wa labarin abin da babu ba. Yaya ya koma ɗinki, a hankali, kuma ɗinkin yana kyau. Amma ba ya zama a kan keken sai ranar da Malam Haruna ya zo. Bai karɓi aikin kowa ba. In masunci ya kawo kube, sai ya ce ai keken na sayarwa ne, gwaji kawai ake yi. Ƙyallayen gwajin suka zama takalman yaran gida, shago kuwa yana nan a rufe, kuma har zuwa safiyar yau ƙafarsa ba ta wuce ƙofar zaure ba.

Ganina na ƙarshe da Malam Haruna a shagonsa ne na Yelwa, makon jiya. Na same shi yana wanke ƙoshiyar wani keke a cikin kananzir. Ya rame, yana tari, ya ce zazzaɓi ne kawai. Ba ɗabi'ata ba ce in yi tambaya kai tsaye, amma ranar na yi.

Na ce, “Malam, kana ganin Yaya zai koma aiki?”

Ya daɗe yana goge ƙoshiyar kafin ya amsa.

“Malam ƙarami, keken nan ya gama tun tuni. Ni ka ƙirƙiro mashi ciwo duk kasuwa. Yanzu ban san wane ciwo zan ƙara laƙa mashi ba, ƙaryata ta kusa ƙarewa.” Ya yi murmushi. “Abin da ya rage ba aikin sifana da guduma ba ne. Ka gai da Inna.”

Kalmominsa na ƙarshe gare ni ke nan.

Yau da safe, bayan na ajiye waya, ba rasuwar kaɗai ta girgiza ni ba. Na ji tsoron yadda Yaya zai karɓe ta. Mutumin da saboda shi kaɗai yake yaye zanen nan ya tafi. Aka ce sai bayan La'asar za a yi jana'iza domin ana jiran babban ɗan mamacin, saboda haka na nemi izini a makaranta, na shiga mota zuwa Warra. Ban so ya ji a waya ba.

Na faɗa masa a zaure. Ya yi salati.

Sai ya ce, “Miƙo mani sandata da babbar riga.”

Muka taho Yelwa tare. A hanya, ruwan kogi kawai yake kallo duk inda ya bayyana. A wurin jana'iza teloli da dukawa suka cika layi, wasunsu sun rufe shaguna tun safe. Wani ya kawo wa Yaya kujera, ya girgiza kai. Na miƙa hannu zan tallafe shi, ya janye kafaɗarsa. A tsaye ya yi sallar, da sandarsa, cikin sahu.

Da aka dawo daga maƙabarta, za mu wuce tasha domin in sa shi a motar gida, sai ya ce da direba ya tsaya a bakin kasuwa. Na ɗauka magani zai saya. Ya sauka da kansa, ya taka a hankali har rumfar mai sayar da kayan dukanci, wanda ya daɗe bai gan shi ba.

Mutumin ya miƙe tsaye. “Baduku! Kai ne?”

“Ni ne. Ba ni zare mai kauri, baƙi da ja. Da allurar fata.”

Ana ɗaure masa kayan, ya juyo wajena.

“Makullin shago shina wurin Inna. Ka kira ta ka ce ta neme shi kafin in iso.”

Na kira ta. Ta ce in maimaita.

Ban san yadda aikin zai kasance ba, kuma ban san wa za mu kira ranar da keken ya yi ciwo na gaskiya ba. Abin da na sani shi ne yanzu haka yayana yana hanyar Warra da ƙunshin zare a cinyarsa.

Ya Allah, bawanka Haruna ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya kamar yadda ya sauƙaƙa wa bayinka. Ka karɓi abin da ya yi a ɓoye da wanda ya yi a fili. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka tsaya musu.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ina roƙonku ku ambaci sunansa a addu'arku ta yau. In da hali, ku haɗa da Umaru.